Seminar Laraba a Sashenmu na Fiziks: Littafin Aiki

Litinin, 14 ga Oktoba 2024

A taron malamai na yau Shugaban Sashe ya ɗora mini kula da seminar sashe. Ba wanda ya yi takara da ni. Irin aikin da ake miƙa wa ƙaramin malami ne: ba alawus, ba a rage maka darasi, in kuma abu ya lalace an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ga yadda na tarar da abin. Semina a wurinmu ta koma sharaɗin da ɗalibin digiri na biyu ke cikawa kafin a bar shi ya kare kundinsa. Ya tsaya ya karanto abin da majigi ya haska a bango, manyan malamai uku su ba shi maki, a sa hannu, a watse. 'Yan digirin farko ba sa leƙowa sai an ce za a ɗauki sunaye. Rabon da wani malami ya tsaya gaban abokan aikinsa ya faɗi abin da yake bincike a kai, tun ina ɗalibi.

Abin da na rubuta wa Shugaban Sashe shi ne: kowace Laraba, ƙarfe 12 zuwa 1, a tashi kafin Azahar. Minti 35 na mai magana, sauran na tambayoyi. Wannan mako malami, mai zuwa ɗalibi. Ba cikar ɗaki nake nema ba, wannan ko da takardar ɗaukar suna ana samu. So nake ɗan aji uku ya ɗaga hannu gaban Farfesa ya ce bai gane ba.

Ya sa hannu, ya ce, "Kuɗi dai babu, Malam. Allah ya taimaka."

Alhamis, 17 ga Oktoba

Mun buɗe ɗakin semina ni da Baba, dattijon da ke kula da ɗakin gwajin 'yan aji ɗaya, wanda makullan sashen kaf suke hannunsa. Kujeru sun haura 40, wasu sun karye. Majigi na aiki, sai dai tsohon yayi ne, bakin da ake jona masa waya irin VGA ne, na kwamfutocin yanzu kuwa HDMI, sai da mahaɗi. Fanka ɗaya ce ke juyawa.

Daga aljihuna: mahaɗin waya naira 6,500, maka (alƙalamin rubutu a allo) da abin goge allo 3,200, buga sanarwa 1,000.

Laraba, 23 ga Oktoba

Zama na farko, kuma ba wuta. Ba mu kaɗai ba, tun farkon mako kusan duk Arewa na cikin duhu: layin Shiroro zuwa Kaduna an lalata shi, wanda aka koma dogaro da shi ta Binuwai shi ma ya faɗi. Litar fetur ta haura naira 1,000, don haka maganar janareta ba ta ma taso ba. Mahaɗin da na saya yana cikin jaka, ko kwalinsa ban buɗe ba.

Wanda ya buɗe fagen Dakta ne mai koyar da fiziks na ƙididdiga, ya ɗauki Nobel ɗin fiziks na bana da aka sanar ranar 8 ga wata, wanda aka ba John Hopfield da Geoffrey Hinton. Da maka da allo ya yi komai, kuma ina ganin rashin wutar alheri ya zame masa. Ya zana layin ƙananan kibiyoyi, wasu na kallon sama wasu ƙasa, ya ce haka ake kwatanta ƙwayoyin atam a cikin maganaɗisu: kowace tana jin maƙwabtanta, tsarin gaba ɗaya kuma yana neman yanayin da makamashinsa ya fi ƙanƙanta, kamar yadda ruwan sama ke bin gangare har ya taru a kwari. A 1982 Hopfield ya nuna cewa in ka tsara ƙarfin alaƙar da ke tsakanin kibiyoyin yadda ya dace, kowane kwari zai zama hoton da aka adana. Ka ba tsarin rabin hoto ko gurɓatacce, ya gangara da kansa ya fito maka da cikakken. Hinton da abokan aikinsa suka ɗora a kai a tsakiyar shekarun 1980, suka shigo da lissafin Boltzmann na yiwuwar samun tsari a kowane mataki na makamashi gwargwadon zafi.

Da aka zo tambayoyi sai manya suka kaure. Wani Farfesa ya ce wannan kimiyyar kwamfuta ce aka yi wa rawanin fiziks. Dakta ya ce to a nuna masa layi ɗaya a allon nan da ba ya cikin darasin 'yan aji huɗu. An yi dariya, an yi musu mai daɗi har lokaci ya wuce. Ɗalibai kuwa, da suka cika kujerun baya, ko tari ba wanda ya yi.

Ruwan leda jaka biyu, naira 800.

Laraba, 30 ga Oktoba

Yau ba ta yi daɗi ba, kuma ina so in rubuta ta dalla-dalla.

Ɗalibin digiri na biyu ne a fannin fiziks na ƙasa, aikinsa neman ruwan ƙarƙashin ƙasa a wasu ƙauyuka ta hanyar auna juriyar ƙasa ga lantarki. Ga wanda bai san aikin ba: ana kafa sandunan ƙarfe huɗu a layi ɗaya, na waje biyu su tura lantarki cikin ƙasa, na ciki biyu su auna bambancin ƙarfinsa. Duk sa'ad da ka ƙara nisan na waje, lantarkin na ƙara nutsawa, sai ka samu labarin abin da ke can ƙasa. Tsarin Schlumberger ke nan, wanda kusan kowane sashen fiziks a Arewa ya yaye ɗalibai a kansa, domin a yankinmu na dutsen ƙarƙashi ruwa ba ya shimfiɗe ko'ina, yana maƙale ne a inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage. Mai haƙa burtsatse in ya kauce da 'yan mitoci sai ya yi asarar miliyoyi.

Yaron ya yi wahalar fili, ba shakka. Amma ya zo da silaid 52, ya juya mana ƙeya yana karantawa, rabin lokacinsa ya tafi a kan tarihin ƙaramar hukumar da yawan ruwan samanta. Da ya iso taswirar ƙarshe, mai shuɗi da ja, ya ce shuɗin nan ruwa ne, a haƙa a nan.

Farfesan fannin ya gyara tabarau. "Wa ya gaya maka ruwa ne?"

"Ranka ya daɗe, juriyar ta yi ƙasa sosai a wurin."

"Yumɓu fa? Tasa juriyar sama take yi?"

Shiru. Tambayar daidai take, domin jiƙaƙƙen yumɓu ma juriyarsa kaɗan ce, kuma ba ya ba da ruwan kirki. Ya ƙara masa da ta biyu: siririn shimfiɗi mai ƙarancin juriya da kakkaura mai ɗan yawan juriya suna iya fitar da zane iri ɗaya, to da wace hujja ya zaɓi kaurin da ya rubuta? Amsar gaskiya ita ce manhajar kwamfuta ce ta zaɓa masa. Maganin kuma sananne ne, a nemo bayanan wata rijiyar burtsatse da aka riga aka haƙa a kusa, a gwada da abin da aka auna.

Da a nan aka tsaya, da an yi semina. Amma sai abin ya koma wanke yaro: wa ya koya maka, ina mai duba aikinka, haka za ka je ka kunyata mu. Mai duba aikin nasa na zaune, ya sunkuyar da kai. Na dubi kujerun baya na ga darasin da suke ɗauka, kuma ba na yumɓu ba ne.

Bayan an tashi na bi Farfesa ofis. Na ce, ranka ya daɗe, tambayoyin nan biyu sun fi laccar duka amfani, ina roƙon a ba yaron dama ya dawo da amsarsu a Janairu. Ya ce su haka aka yi musu, kuma ga su. Amma ya yarda.

Wuta ta fara dawowa a wasu unguwanni. Fetur na janareta lita biyu, naira 2,300, Shugaban Sashe ya biya rabi.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ba semina. An sa wa 'yan aji uku gwajin wani darasi daga wani sashe a daidai lokacinmu. Na kai takarda ofishin jadawali.

Na yi amfani da ranar na tsara doka biyu. Ta farko, mai magana ba zai wuce silaid 15 ba, kuma zan gani tun ranar Litinin. Ta biyu, minti 10 na farkon tambayoyi na ɗalibai ne zalla, malami ba zai buɗe baki ba sai sun gama. Wanda ke jin nauyi ya rubuta a 'yar takarda ya miƙo, ba suna. Wanda Turanci ya sarƙe masa ya yi da Hausa.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Mafi kyawun zama zuwa yanzu. Tsohon Farfesanmu da ya yi ritaya ya amsa gayyata, ya zo da kansa a tsohuwar motarsa, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai.

Ya yi magana a kan wata kwararar lantarki da ke wucewa ta saman kanmu kullum da rana, a tsayin kilomita 100 da 'yan kai, tana nufar gabas. Ya fara da gyara mana taswira: ikwaitar da muka sani, layin da ya raba duniya arewa da kudu, tana can cikin teku kudu da Najeriya, amma ikwaitar maganaɗisu, inda layukan maganaɗisun duniya ke kwance sambal ba su karkata ƙasa ba, ta ratsa ƙasar nan ne. Hasken rana na ɓare ilektiron daga iskar da ke can sama, zafinta kuma na kaɗa iskar ta ratsa layukan maganaɗisu, lantarki ya samu. A yawancin wurare abin kaɗan ne. Amma a inda layukan ke kwance, cajin da ke son tafiya sama ko ƙasa ba shi da mafita, sai ya taru, tarin nan kuma ya ƙara ingiza kwararar gabas ninki-ba-ninki, a wani siririn zirin da bai wuce digiri uku kowane gefe ba. An fara lura da alamarsa a tashar Huancayo ta ƙasar Peru, inda allurar maganaɗisu ke rawa da rana fiye da ƙima. Sydney Chapman ya raɗa wa kwararar suna equatorial electrojet a 1951. Kuma cikin waɗanda duniya ta san su da wannan bincike akwai ɗan Najeriya, Cyril Onwumechili, da ya yi aikinsa a Ibadan.

Farfesa ya ce abin da ke ba shi haushi shi ne masu bincike na tasowa daga Japan da Faransa su kafa na'urori a Afirka ta Yamma saboda abin da Allah ya ajiye mana a saman kai, mu kuma ɗalibanmu na neman maudu'in da ba mu da kayan aikinsa.

Da aka zo minti 10 na ɗalibai, shirun ya yi tsawo har na fara jin gumi. Malamai biyu sun motsa, na ɗaga musu hannu. Can sai wata 'yar aji huɗu ta miƙe, ba ta ma rubuta ba, ta ce, "Baba Farfesa, in hasken rana ne ke kawo shi, to ranar da aka yi husufi fa?"

Dattijon ya ajiye maka ya tafa mata. Ya ce a wannan tsayin ilektiron na saurin komawa mazauninsu da zarar haske ya ɗauke, don haka kwararar na raunana, kuma an auna hakan a husufi daban-daban. Ya ba da labarin na ranar 29 ga Maris 2006, da rana ta rufe ruf a Gusau da Katsina da Maraɗi, ya ce da muna da na'urar auna maganaɗisu a ƙarƙashin inuwar da mun samu abin rubutawa. Ya ce wani na tafe ranar 20 ga Maris 2034, zai bi ta kudancin ƙasar ya wuce Kamaru da Chadi. "Ni ƙila ba na nan. Ke ki shirya."

Bayan tata, takardu huɗu suka iso gaba.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Baƙo ta intanet, kuma abin ya watse.

Wani tsohon ɗalibin sashen ne da ke digiri na uku a Afirka ta Kudu, yana aiki da bayanan MeerKAT, faranta 64 masu sauraron sararin samaniya da aka kafa a hamadar Karoo. Zai yi mana bayanin taurarin nan masu bugawa a kan kari, da Jocelyn Bell ta fara ganowa a 1967. Mun gwada Zoom ranar Talata da yamma, tas. Abin da gwajin yamma bai nuna ba shi ne da tsakar rana dubban wayoyi ke rataye a kan turken sadarwa ɗaya na cikin makaranta. Minti biyar na farko lafiya, daga nan murya ta fara tsinkewa, hoto ya daskare yana buɗe da baki. Muka kashe bidiyo, ba sauƙi. Muka koma layin wani kamfani a wayar wani ɗalibi, aka ɗora wayar a kan taga, ya dawo na ɗan lokaci ya sake ɓacewa. Lasifikar da muka aro kuma tana ƙugi duk sa'ad da janareta ya canja murya. Da ƙarfe 12 da rabi ɗaki ya fara zubewa, na sallami sauran.

Asara: data naira 3,500, fetur 2,300.

Shawarar da muka yanke da shi da daddare: ya naɗi laccar a bidiyo ya turo, in sauke cikin dare lokacin da layi ke da sauƙi, a kalla a ɗaki, sannan a kira shi ta waya zalla don tambayoyi. Murya kaɗai ba ta cin komai.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Ɗaliba 'yar digiri na biyu, kan auna iskar radon, wata iska mai fitar da radiyeshin, a ruwan rijiyoyi. Silaid 14, ta kalli mutane tana magana. Tambayoyin ɗalibai uku, duka a takarda. Lafiya lau.

Laraba, 4 ga Disamba

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, daga ƙofar sashe ba a hango hasumiyar masallaci. Ni ne mai magana yau, na ɗauki abin da kowa ke shaƙa.

Ƙurar nan mafi yawanta daga kwarin Bodele take, a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafkin da Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne. Ƙasar wurin ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka taru, fara ce, mara nauyi. Iskar arewa maso gabas na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashe ta. Wata ta sauka a kan shanyarmu, wata ta ƙetare Tekun Atlantika har dajin Amazon.

Tambayar da na gina laccar a kai: me ya sa sama ke shuɗi da damina, ta koma fari fat da hunturu? Ƙwayoyin iska sun fi tsawon zangon haske ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma irinsu sun fi watsa shuɗi a kan ja sau da yawa, kamar yadda Rayleigh ya lissafa a 1871. Ƙwayar ƙura kuwa ta kai zangon hasken girma ko ta fi, sai ta watsa kowane launi kusan daidai, lissafin da Gustav Mie ya fitar a 1908. Haɗuwar launuka duka kuwa fari ne.

Baba ne ya ƙwace ranar. Ya shigo da tulun gilashi cike da ruwa, da tocila, da gwangwanin madara. Aka rufe tagogi. Ya ɗiga madara ɗigo biyu ya motsa, ya haska daga gefe: ruwan ya yi wani shuɗi-shuɗi, wanda kuma ya leƙa ta ɗaya ƙarshen ya ga fitilar ta koma ruwan goro, irin na faɗuwar rana. Sai ya tuttula madarar da yawa, komai ya zama fari. 'Yan baya suka taso suka kewaye tebur. Shekarunsa a sashen sun fi na yawancinmu a duniya, amma ya ce yau ne farkon da aka kira shi gaban ɗakin semina.

Wani ɗan aji uku ya tambaya, da baki, nawa ƙurar ke rage wa farantin sola. Na ce ban da adadi na garin nan, amma abu ne da za mu iya aunawa. Nan take mutum biyar suka ba da suna, har da mai tambayar husufi.

Asabar, 7 ga Disamba

Kasuwa. Ƙananan farantan sola biyu masu wat 20, iri ɗaya, naira 36,000. Dakta mai fiziks na ƙididdiga ya ba da 20,000, malamai uku suka haɗa sauran. Mita muna da ita a ɗakin gwaji. Mai walda ya haɗa mana ƙafa 7,000. Tsari: a kafa su gefe da gefe a kan rufin ɗakin gwaji, suna kallon kudu, ɗaya a goge shi kowace safiya, ɗaya kada a taɓa. A auna da ƙarfe 12.

Laraba, 11 ga Disamba

Wata malamarmu da ta yi aikin digirinta na uku da na'urar nukiliya ta Zariya ce ta yi magana. Da yawa cikin ɗalibai ba su san akwai ta ba, alhali tun 2004 take aiki a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙarama ce ƙirar Sin, mai kilowat 30 da 'yan kai, ba ta ba da wutar gari. Aikinta shi ne a saka ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi a yi masa ruwan niyutiron, ƙwayoyin cikinsa su haɗiye, su riƙa fitar da wani haske da ido ba ya gani mai suna gamma, kowane sinadari da nasa ma'aunin makamashi. Da haka ake gane abin da ke ciki ko da ɗan mitsitsi ne. A 2018 aka sauya mata makamashi daga yuraniyom mai ƙarfin tacewa zuwa mai ƙarancinsa, aka mayar da tsohon Sin.

Takarda ta farko da ta iso: ba za ta fashe irin ta Chernobyl ba? An yi dariya, amma Malama ta ce tambaya ce ta hankali. Ta rubuta lambobi biyu a allo, megawat 3,200 na zafi da wadda ta fashe a 1986 ke iya fitarwa, da kilowat 30, ta ce su raba. Ya kai kimanin ninki 100,000. Ta ƙara da cewa ƙirar ta Zariya in ruwan cikinta ya yi zafi aikin raguwa yake da kansa.

Litinin, 16 ga Disamba

'Yan sola sun zo ofis da fuska a yamutse. Mako guda suna aunawa, farantin da ya yi butu-butu da wanda ake gogewa lambarsu kusan ɗaya. Ɗaya daga cikinsu har ya fara cewa ashe maganar ƙura zuƙi-ta-malle ce.

Na karɓi littafin. Bolt suke aunawa. Ƙarfin turawar farantin sola, in ba a jona masa komai ba, kaɗan yake motsawa ko haske ya ragu sosai, zafin farantin ma ya fi damun sa. Abin da ke bin yawan haske sau da ƙafa shi ne yawan kwararar, wato amfiya, in an haɗa bakin wayoyin biyu ta cikin mita. Ban faɗa musu kai tsaye ba. Muka hau rufin, na sa ɗaya ya rufe farantin da siririn mayafi yana kallon bolt, sannan aka mayar da wayar ramin amfiya 10 aka sake. A na farko lambar da ƙyar ta girgiza, a na biyu ta faɗi warwas. Suka dubi juna.

An goge duka biyun, an auna su suna da tsabta don a san bambancin da suka zo da shi daga kanti, an fara daga farko.

Laraba, 18 ga Disamba

Bidiyon MeerKAT, sannan kiran waya. Ya yi aiki sarai. Ya sa mana sautin bugun wani tauraro, ɗaki ya yi tsit, daga baya tambayoyi har muka ci lokacin salla.

Lissafi zuwa yau, ban da kayan sola: naira 27,400, kusan kashi biyu cikin uku daga aljihuna. Wannan ba zai ɗore ba. Hutu sai Janairu. Biyu daga cikin 'yan sola 'yan gari ne, za su ci gaba da aunawa.

Alhamis, 9 ga Janairu 2025

An dawo, an tarar da sabuwar matsala. Tun daga 16 ga Disamba lambar farantin mai ƙura ke sauka a hankali, gwanin sha'awa, sai ranar 2 ga wata ta yi tsalle ta koma daidai da ɗan'uwanta. Yaran suka ɗauka mita ce ta lalace. Da aka bincika, wani sabon mai gadi ne ya hau rufin duba tankin ruwa, ya ga faranti ɗaya fes ɗaya kaca-kaca, ya ce wane irin rashin kula ne wannan, ya sa tsumma ya gyara mana. Da aka tambaye shi ma jiran godiya yake.

Ba a yi masa faɗa ba. Mai tambayar husufi ta ce ai bayanan ba su lalace ba, mun samu zagaye ɗaya cikakke, yanzu a fara na biyu a ga ko saurin saukar zai zo ɗaya. Ta fi ni saurin hucewa. An rataya kwali da Hausa da Turanci da ajami: kada a goge.

Laraba, 15 ga Janairu

Malamin da ke kan jadawali ya aiko saƙo da safe cewa yana da taro. Babu madadi, an ɗage. Daga yau kowane mako zan riƙa ajiye mutum ɗaya a gefe.

Laraba, 29 ga Janairu

Mai neman ruwa ya dawo. Na sa shi ya gwada a gabana sau da dama kafin yau, kuma ya sha wuya wajen samo bayanan rijiyoyi, domin masu haƙa da yawa ba sa rubuta abin da suka ratsa, waɗanda ke rubutawa kuma ba sa son bayarwa. A ƙarshe wani injiniya ya ba shi na rijiyoyi biyu da ke kusa da wuraren da ya auna.

Silaid 11. Ya fara da tambayoyin Farfesa guda biyu, a rubuce, ya ce su zai amsa. A wuri na farko abin da ya kira ruwa ruɓaɓɓen dutse ne mai ruwa, kaurin ma bai yi nisa da nasa ba. A na biyu yumɓu ne, rijiyar da ke wurin ma ba ta da ruwan kirki. Ya faɗa da bakinsa, bai ɓoye ba, ya nuna yadda ya sake fassara sauran wuraren da wannan haske, ya rage waɗanda yake ba da shawarar a haƙa.

A minti 10 na ɗalibai wani ya tambaye shi yadda ake sa lantarki ya shiga ƙasa da rani, lokacin da ta bushe ƙamas. Ya ce ruwan gishiri ake zubawa a gindin sandunan, jarka biyu yake ɗauka a bayan babur. Da aka zo kan malamai kowa ya juya wajen Farfesa. Ya yi tambaya ɗaya a kan nisan sandunan ciki, aka amsa, ya gyaɗa kai ya ce, "To, yanzu ka fara aiki." A bakinsa wannan yabo ne babba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

'Yan sola sun gabatar da abin da suka samu, su biyar, kowa minti shida. Karo na farko da 'yan digirin farko suka tsaya a gaban ɗakin nan. Zagayen biyu duka sun nuna sauka, amma ba da sauri ɗaya ba, kuma sun danganta hakan da kwanakin da hazo ya fi kauri. Dakta ya tambaye su da me suka auna kaurin hazon. Da ido, in ji su. Ya ce ido ba ma'auni ba ne, ya nuna musu cewa akwai na'urar hukumar NASA a Ilori da ke auna yadda ƙura ke tare hasken rana, bayananta kuma kyauta ne a intanet, ko da yake Ilori da nisa, sai a yi hattara wajen kwatantawa. Wani malami ya ce faranti biyu ba su isa a yanke hukunci ba. Gaskiya ne, kuma su ma sun rubuta hakan a silaid ɗinsu na ƙarshe tun kafin ya faɗa.

Abin da bai gyaru ba: har yau cikin Farfesoshin da ke bakin aiki ba wanda ya karɓi rana. Kowa na zuwa ya yi tambaya, ba mai son a tambaye shi. Kuma ɗalibai mata, in ka cire biyu, har yanzu ta takarda suke tambaya.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Azumi na kamawa ƙarshen makon nan in an ga wata. Mun mayar da semina ƙarfe 10 na safe har bayan Salla, ofishin jadawali ya amince a rubuce.

Shugaban Sashe ya yarda a riƙa cire naira 5,000 kowane mako daga kuɗin sashe, na fetur da ruwa. Na miƙa masa rasit ɗin baya, ya ce a bar wa Allah.

Abin da ke gaba: a sayi ƙaramar lasifika mai batir, an ce 18,000, don a daina aro. A gyara fanka biyu kafin zafin Maris. 'Yan sola su ci gaba har ruwan farko, a ga abin da zai wanke da kansa, sannan a nemi faranti na uku da za a riƙa gogewa mako-mako. Farfesan fiziks na ƙasa ya ce in sa sunansa ranar 9 ga Afrilu, zai yi magana a kan tsagewar dutse da hotunan tauraron ɗan'adam. Na gaya masa dokar silaid 15 da ta minti 10. Ya ce zai duba ta farkon. Gobe zan buga jadawalin in liƙa.